Mudu da Ma'auni: Yadda Ake Karanta Alƙaluman Ƙaura Zuwa IPv6

Duk wanda ya buɗe shafin da kamfanin Google ke wallafa ƙididdigarsa ta IPv6, sabon tsarin adireshin intanet, zai ga wani layi da ya faro daga ƙasa a shekarar 2008 yana ta hawa sannu a hankali. Daga nesa sai ka ce tudu ne sumul. In ka matso da ido kuwa, sai ka ga bakinsa kamar haƙoran zarto: ya ɗaga ran Asabar da Lahadi, ya sauko ran Litinin, ya yi zamansa a ƙasa har Juma'a, sannan ya sake ɗagawa. Kowane mako haka yake yi, shekara da shekaru.

Babu wani injiniya da ke kunna sabon tsarin ran Asabar ya kashe shi ran Litinin. Mutanen ne suke sauya wuri. A ranakun aiki, miliyoyin ma'aikata a Turai da Amurka suna shiga intanet ta kwamfutocin ofis, kuma ofisoshi su ne suka fi kowa nawa wajen ƙaura, domin suna da tsofaffin na'urori da katangun tsaro da ba wanda yake son ya taɓa su matuƙar suna aiki. A ƙarshen mako mutanen nan suna gida, ko suna kan wayarsu, inda kamfanonin sadarwa suka riga suka kunna IPv6 ba tare da sun tambayi kowa ba. Shi ya sa layin yake tashi a hutun Kirsimeti ma. A watan Maris na 2020, da annobar korona ta kulle mutane a gida, haƙoran zarton suka dakushe, ranakun aiki suka matso kusa da ƙarshen mako. Wanda bai san dalili ba sai ya rubuta cewa IPv6 ya samu gagarumin ci gaba cikin mako biyu, alhali ba a ƙara ko waya ɗaya ba. Ma'aikata ne kawai suka daina zuwa ofis.

Wannan shi ne mafi sauƙin tarko a cikin alƙaluman wannan ƙaura. Sauran sun fi shi ɓoyuwa.

Me ya kawo ƙaurar tun farko

Kowace na'ura da ke magana a intanet tana buƙatar adireshi. Tsarin da aka rubuta a 1981, wanda ake kira IPv4, yana da adireshi kusan biliyan 4.3. A lokacin abin ya yi kama da teku, har Vint Cerf, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara shi, ya sha faɗa daga baya cewa gwaji suka ɗauka suna yi. Gwajin bai ƙare ba, duniya ta shigo ciki. Kafin tsakiyar shekarun 1990 an riga an hango cewa rijiyar za ta ƙafe, sai aka fitar da IPv6 a 1995, aka gyara shi a 1998. Yawan adireshinsa lamba ce mai gurbi 39, wadda ba ta da amfanin faɗa da baki.

Ran 3 ga Fabrairu 2011, a wani taro a birnin Mayami, hukumar IANA, mai rabon adireshi na duniya, ta raba ragowar manyan kaso biyar na IPv4 ga hukumomin yankuna biyar na duniya, rumbun tsakiya ya zama fanko. Hukumar Asiya da Pasifik, APNIC, ta kai ga kasonta na ƙarshe a watan Afrilu na shekarar, ta Turai a 2012, ta Arewacin Amurka ta ƙare kakaf a 2015. AFRINIC, wadda ke kula da Afirka daga tsibirin Morishiyas, ita ce ta ƙarshe da ta shiga matakin tsimi, a 2017.

Matsalar ita ce tsarin biyu ba sa jin yaren juna. Na'urar da ke da IPv4 kaɗai ba za ta iya magana da wadda ke da IPv6 kaɗai ba sai da tafinta. Don haka ba a iya sa rana a ce kowa ya koma ba. Dole aka riƙa tafiya da su biyun kafaɗa da kafaɗa, kuma a nan ne tambaya ta taso wadda har yau ake jayayya a kanta: ina aka kwana? Kashi nawa aka ci?

Amstadam ta ce kaɗan, Google ta ce kusan rabi

A 2024 adadin Google yana kai-komo tsakanin kashi 40 da 50 cikin 100. A daidai wannan lokaci, mahaɗar intanet ta Amstadam, AMS-IX, wadda tana cikin mafiya girma a duniya, tana nuna cewa IPv6 bai kai kashi 10 na bayanan da ke ratsa ta ba. Duka biyun ba ƙarya suke yi ba, kuma ba wanda na'urarsa ta lalace.

Google mutane take ƙirgawa. Daga cikin masu shigowa shafukanta takan zaɓi kaɗan, ta sa burauzarsu ta ɗauko wani ɗan abu a ɓoye, ta ga ta wace hanya ya iso. Tambayarta ita ce: cikin masu zuwa wurina, mutum nawa ne suke isowa ta IPv6? Wanda ya buɗe shafi ɗaya ya rufe da wanda ya kwana yana kallon bidiyo duk ɗaya suke a wurinta. Ita kuwa Amstadam nauyin kaya take aunawa, wato yawan bayanan da suka bi ta kan na'urorinta. Kuma a nan gizo yake saƙa, domin manyan masu kayan da suka fi kowa rungumar IPv6, irin su YouTube da Netflix da Facebook, yawancin kayansu ba sa bi ta dandalin mahaɗa. Suna ajiye rumbunan bidiyo a cikin gidan kamfanonin sadarwa, ko kuma su ja waya ta kai-tsaye tsakaninsu da manyan kamfanoni. Abin da ya rage wa dandalin shi ne haɗakar ƙananan cibiyoyi da ofisoshi da sabobin da ke magana da junansu, waɗanda yawancinsu har yanzu a tsohon tsari suke.

Kamar mutum ne ya tsaya a ƙofar kasuwar Dawanau yana ƙirga buhunan da ake shigowa da su, ya ce zai faɗi abin da aka noma a bana. Zai faɗi wani abu na gaskiya, amma hatsin da aka saya tun a gona, aka loda a tirela aka wuce da shi, bai taɓa gilmawa ta gabansa ba.

Akwai kuma lissafin da mutane ke mantawa. Kafin magana ta gudana a IPv6, sai ɓangarorin biyu sun kasance suna da shi. A ƙaddara rabin masu amfani suna da shi, rabin shafuka ma suna da shi, kuma kowa yana ziyartar kowane shafi ba zaɓi. Haɗuwar da za ta yiwu a sabon tsari kashi 25 ce kacal. To amma mutane ba haka suke yawo ba. Kaso mafi tsoka na datar gida bidiyo ne, kuma bidiyon daga kamfanoni ƙalilan yake fitowa. Saboda haka gidan da aka kunna masa IPv6 yau, gobe ana iya samun fiye da rabin datarsa ta koma can, ko da mafi yawan shafukan da yake buɗewa ba su san da zaman sabon tsarin ba. A gida ɗaya, a rana ɗaya, mai ƙirga shafuka zai ce IPv6 tsiraru ne, mai auna nauyi ya ce shi ne mai rinjaye.

Ma'aunin da ba ya gani

A 2008 kamfanin Arbor Networks na Amurka ya fitar da wani rahoto da ya yi amo sosai. Ya tattara bayanai daga kamfanonin sadarwa da dama na tsawon shekara guda, ya ce IPv6 bai kai kashi ɗaya cikin dubu goma na zirga-zirgar intanet ba. Jaridun fasaha suka ɗauka, wasu suka fara shirin jana'iza. Sai masana suka duba yadda aka yi awon. Yawancin na'urorin rarraba hanya na wancan zamani suna ba da rahoto ne ta wani tsari, NetFlow zubi na 5, wanda a cikin takardarsa babu ma gurbin da adireshin IPv6 zai shiga. Abin da aka iya gani shi ne IPv6 da aka naɗe cikin IPv4, kamar wasiƙar da aka sa a ambulan aka sake sa ambulan ɗin cikin wani. Wanda yake tafiya da ƙafarsa, tsirara ba naɗi, ya wuce ba a gan shi ba. Gaskiya ne a lokacin IPv6 kaɗan ne ƙwarai, ko da wane mudu aka auna. Sai dai adadin da aka buga ya fi ba da labarin tsufan na'urorin awo.

Shekara ta zagayo, kamfanin ya sake dubawa, sai ga adadin ya ninka fiye da sau goma. Da walakin, goro a miya. Da aka bi diddigi, sai aka tarar abu biyu ne suka haddasa tashin. Na farko, manhajar musayar fayil ta uTorrent ta fitar da sabon zubi a watan Agusta 2008 wanda ke kunna Teredo, wata dabarar naɗi da Microsoft ta saka a Windows. Na biyu, kamfanin Hurricane Electric ya buɗe tashoshin da ke karɓar irin wannan naɗi a 2009. Babu wata ƙasa da ta yi ƙaura. Manhaja ɗaya ce da kamfani ɗaya suka motsa layin duniya, domin abin yana da ƙanƙanta har tari ɗaya yana girgiza shi. Haka ma a farkon 2010, da YouTube ta kunna IPv6, kamfanonin da ke da shi suka wayi gari da tashin da ba su yi komai ba suka same shi.

Binciken farko na Google, wanda Steinar Gunderson ya gabatar a 2008, ya ci karo da irin wannan. Masu IPv6 mai aiki ba su kai rubu'in kashi 1 ba, kuma kusan rabinsu masu kwamfutar Apple ne. Dalilin ba wayewar masu Apple ba ce. Wata na'urar wayifai da kamfanin ke sayarwa ce take kunna naɗin 6to4 da kanta, masu ita ba su ma sani ba.

Waɗannan naɗe-naɗen sun mutu yanzu, ko sun kusa. An janye tashoshin 6to4 na gama-gari a hukumance a 2015. Amma abin dariyar shi ne ambulan ɗin ya juya. A yau manyan kamfanonin waya irin su T-Mobile a Amurka da Jio a Indiya, wanda ya fara aiki a watan Satumba 2016, suna ba wayoyi IPv6 ne a matsayin ginshiƙi. In wayar tana son ta isa shafin da ke da IPv4 kaɗai, a wasu cibiyoyin sai an fassara saƙon a bakin ƙofar kamfani. Wasu kamfanonin intanet na gida a Jamus kuma naɗe IPv4 suke yi cikin IPv6. Injiniyan da ya sa ma'auninsa tsakanin wayar da kamfani zai ga IPv6 zalla, ɗari bisa ɗari. Abokin aikinsa da ya sa nasa a bayan ƙofar fassara, taku kaɗan daga nan, zai ga kaso mai yawa na IPv4. Saƙo ɗaya suka auna.

Tseren da ke faruwa cikin ƙiftawar ido

Ko da mutum yana da tsarin biyu, shafin da yake nema ma yana da su, ba a gama magana ba. Wane za a bi?

Da farko doka mai sauƙi ce: in akwai IPv6, a fara da shi. Sai dai a wancan lokaci akwai mutanen da na'urarsu ke zaton tana da IPv6 alhali hanyar a toshe take. Irin waɗannan sai su zauna suna kallon farin allo na daƙiƙa ashirin ko fiye kafin burauza ta haƙura ta koma tsohuwar hanya. An ƙiyasta ba su wuce mutum biyar cikin dubu goma ba, amma ga kamfanin da ke da ɗaruruwan miliyoyin masu ziyara, wannan gari guda ne na fusatattu. Tsoron nan ne ya sa manyan shafuka suka daɗe suna jan ƙafa, shi ne kuma ya sa aka shirya gwajin awa 24 ran 8 ga Yuni 2011, da ƙungiyar Internet Society ta jagoranta. Ranar ta zo ta wuce ba a ji ihu ba. Shekara guda bayan haka, ran 6 ga Yuni 2012, aka kunna ba kashewa.

Maganin da aka samo shi ne tsere. Dan Wing da Andrew Yourtchenko na kamfanin Cisco suka rubuta dabarar da aka wallafa a 2012 da sunan Happy Eyeballs: na'ura ta gwada IPv6, in bai amsa cikin ɗan lokaci ba, kamar rubu'in daƙiƙa, ta saki IPv4 ya bi bayansa, wanda ya riga isa shi ne nata. Mai amfani ya huta. Mai awo kuwa ya shiga uku, domin yanzu hanyar da ta lalace ba ta yin kuka. Kamfani na iya samun IPv6 mai ciwo na tsawon watanni, ba wanda ya kira ya yi ƙorafi, sai dai kason ya yi ta zamewa a hankali, a ɗauka mutane ne ba sa so.

Kuma dokar tseren a hannun masu ƙera manhaja take. Shekaru da dama na'urorin Apple suna bin duk hanyar da ta fi sauri ba tare da fifiko ba, abin da ya sa zaɓin ya kan rabu kusan biyu daidai. A 2015 kamfanin ya sauya, ya ba IPv6 ɗan fifiko na wasu 'yan dubban-kashi na daƙiƙa, injiniyansa David Schinazi ya sanar cewa a gwajinsu zaɓin ya koma kusan kashi 99 ga IPv6. Ƙasar da ke da masu iPhone da yawa tana iya ganin layinta ya ɗaga bayan irin wannan sabuntawa. Wanda ya yaba wa gwamnati ko kamfanin sadarwa a kan wannan tashi, ya kai gaisuwa gidan da ba a yi haihuwa ba.

Wannan ne ya sa ma'aunin APNIC, wanda Geoff Huston da abokan aikinsa ke gudanarwa daga Ostareliya, yake fitar da lamba biyu ga kowace ƙasa. Dabararsu abar sha'awa ce: suna sayen talla a intanet, su cusa ɗan gwaji a cikinta, duk wayar da tallar ta bayyana a kanta sai ta gwada ɗauko abu ta hanyoyi daban-daban. Lamba ta farko ita ce waɗanda za su iya IPv6 in babu wata hanya. Ta biyu ita ce waɗanda suka zaɓe shi alhali suna da zaɓi. A ganina tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu ta fi kowaccensu faɗin gaskiya. In ta yi faɗi, akwai abin da ke damun hanyar, ko da rahoton shekara na kamfanin ya ce an kammala aiki.

Shi ma wannan mudu yana da nasa lanƙwasa. Yana ganin wanda talla ta isa gare shi ne kawai. Mai toshe talla ba ya ciki, kuma tsarin rabon talla ba ya raba ta daidai tsakanin ƙasashe, sai an gyara lissafin da ƙiyasin yawan masu intanet na kowace ƙasa, wanda shi ma ƙiyasi ne. A ƙaramar ƙasa, inda samfurin rana bai taka kara ya karya ba, layin kan yi tsalle-tsalle da ba su da wata ma'ana.

Adireshi ba mutum ba ne

A farkon 2007 aka wayi gari masu gyara Wikipedia ba tare da rajista ba a ƙasar Katar sun kasa yin gyara. Wani mai kula da shafin ne ya toshe adireshi ɗaya saboda ɓarna, ashe kusan duk ƙasar ta wannan adireshin take fitowa. Labarin ya tsufa, amma yanayin da ya haifar da shi sai ƙaruwa ya yi. Saboda ƙarancin IPv4, kamfanonin waya suna tara dubban mutane bayan adireshi ƙalilan, da dabarar da ake kira NAT. Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai iya gwadawa: ya duba adireshin da wayarsa ta nuna a cikin saitinta lokacin da yake kan data, sau da yawa zai ga ya fara da 10 ko 100, sannan ya tambayi wani shafi da wane adireshi yake ganinsa. Ba za su zo ɗaya ba. Na biyun nan shi da baƙi masu yawa suke tarayya a kansa, kuma yana cikin dalilan da kan sa wani shafi ya tsare ka yana neman ka tabbatar kai mutum ne, saboda laifin wani da ba ka taɓa gani ba.

IPv6 kuma akasin haka yake yi. Don kada a bi sawun mutum, wayoyi da kwamfutoci suna ƙirƙiro wa kansu adireshi na wucin gadi, su sauya shi kusan kullum. Waya ɗaya tana iya barin adireshi talatin a littafin sabar cikin wata guda. To ka ga wanda ya ɗauki littafin nan ya ƙirga adireshi daban-daban na kowane tsari, ya raba, ya ce ga kason IPv6, ya yi kuskure biyu a lokaci guda, kuma duka biyun gefe ɗaya suka karkata: ya mayar da mutum dubu mutum ɗaya a nan, ya mayar da mutum ɗaya talatin a can. Masu hankali kan ƙirga rabin farko na adireshin IPv6 ne kawai, wanda ke nuna gida ko cibiya, amma shi ma ba mutum yake nunawa ba.

Beljiyam misali ce ta yadda wannan matsala ke juyawa ta zama dalilin ƙaura. Shekaru da dama ita ce kan gaba a duniya a jadawalin Google, ƙaramar ƙasa da ba wanda ya zata. Cikin dalilan da ake kawowa akwai yarjejeniyar da hukumomin tsaro suka yi da kamfanonin sadarwa cewa kada a tara fiye da mutum 16 a bayan adireshi ɗaya, don 'yan sanda su iya gano wanda suke nema. Da aka taƙaita cunkoson, sai IPv6 ya zama hanya mafi arha. Daga baya Indiya da Faransa da Jamus suka sha gabanta. Ita Indiya ma darasi ce: tashinta kusan aikin kamfani ɗaya ne mai ɗaruruwan miliyoyin masu layi. Adadin ƙasa sau da yawa labarin shawarar da aka yanke ne a ɗakin taron kamfani biyu ko uku.

Sai babban ramin da ke cikin adadin duniya na Google, wato ƙasar Sin. An toshe ayyukan Google a can, don haka ƙasar da ke da masu intanet fiye da biliyan ɗaya kusan ba ta cikin lissafin. Gwamnatin Sin kuwa ta fitar da shirin ƙaura na ƙasa a watan Nuwamba 2017, kuma tana sanar da ɗaruruwan miliyoyin masu amfani da IPv6. Nata alƙaluman da na masu awo daga waje ba sa haɗuwa, wani ɓangare saboda wayar da aka ba adireshin IPv6 tana shiga lissafin hukuma, ko da kayan da take ɗaukowa daga waje ta tsohuwar hanya suke zuwa.

Akwai wasu ma'aunan da ake yawan jefowa cikin muhawara waɗanda ba sai an daɗe a kansu ba. Yawan cibiyoyin da suka sanar da kason IPv6 a taswirar hanyoyin duniya yana nuna niyya ne kawai, domin kamfani na iya karɓar kaso daga AFRINIC, ya sanar da shi, ya bar shi a kan na'ura ɗaya ba tare da ko mai layi ɗaya ya ɗanɗana ba. Wannan ya zama ruwan dare a nahiyarmu, inda Najeriya da Nijar suke can ƙasa a jadawalin masu amfani duk da cewa kamfanoni da jami'o'i da yawa suna riƙe da kasonsu a takarda. Yawan tambayoyin da na'urori ke yi na neman adireshin IPv6 na shafi shi ma ba hujja ba ne, tunda na'urori da dama suna tambaya ko da ba su da hanyar bi. Kamfanin Cloudflare kuma, da yake ware buƙatun mutane daga na manhajoji masu yawo da kansu, yakan ga kason IPv6 ya fi yawa a wajen mutane, saboda yawancin manhajojin daga ɗakunan sabar suke fitowa, inda tsohon tsari yake da ƙarfi.

Kuɗi ma ma'auni ne

Wasu sun gaji da jadawali, suka ce a duba kasuwa. A 2011 Microsoft ta sayi adireshi 666,624 daga kamfanin Nortel da ya karye, a kan dala miliyan 7.5, wato dala 11 da 'yan kai kowane ɗaya. Shekaru goma bayan haka farashin ya haura dala 50, sannan ya fara sauka. Daga watan Fabrairu 2024 Amazon ta fara cajin masu hayar sabobinta rabin senti a kowace awa kan kowane adireshin IPv4, abin da ya kai kusan dala 44 a shekara. Amma saukar farashi ma tana karɓar fassara biyu: ko dai buƙata ta ragu saboda ƙaura ta yi nisa, ko kuma manyan masu saye sun cika rumbunansu sun bar kasuwa na ɗan lokaci.

A watan Oktoba 2024 Geoff Huston, wanda ya shafe shekaru yana wannan awo, ya ɗora ruwla a kan layinsa ya ja shi gaba. In aka ci gaba da tafiya a yadda ake yi, ƙaurar za ta kammala wajen 2045, shekara hamsin bayan fitowar tsarin. Shi kansa bai ɗauki lambar a matsayin alkawari ba. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne ko tambayar ma tana nan da nauyinta na da. Yawancin abin da mutum ke ɗaukowa yau yana fitowa ne daga rumbun da ke kusa da shi, an nemo shi da suna, kuma dubban shafuka suna zaune lafiya a kan adireshi ɗaya. Bidiyon da yaro ke kallo a Zariya wataƙila bai wuce Legas ba, ko ma bai fita daga cibiyar kamfanin layinsa ba. Bai ratsa Amstadam ba, bai ratsa wata mahaɗa da ke wallafa alƙaluma ba, kuma kamfanin da ya san ta wace hanya ya bi ba ya buga nasa lissafin.